Ban, prohibit ko forbid, wanne zan sa a allon ƙofar masallaci?

Sadik_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu Turanci ku taimaka min. Kwamitin masallacin unguwarmu nan Aboabo sun ce in rubuta sanarwa a kai wa mai fenti ya sa a allo, saboda ranar Juma'a masu moto (babur) da masu pragya (keke mai ƙafa uku na haya) suna zuwa su faka daidai bakin ƙofa har tsofaffi su rasa ta inda za su wuce, ga masu talla su ma sun baza kaya a hanyar wurin alwala. Na Hausa ba matsala, an hana faka abin hawa a nan, shikenan. Amma da yawa cikin masu pragyan ba sa karanta Hausa dole sai an haɗa da Turanci, toh nan ne na tsaya. Ni na rubuta Parking is banned here, wani ya ce a'a prohibited ake cewa, liman kuma ya ce shi forbidden ya saba gani. Duk ba hani ba ne? Meye bambancinsu, don ba na so a kafa allo mutane su riƙa nuna shi da yatsa.

Ticha Awudu, Asawase:
Wa alaikumussalam Sadik. Duk hani ne kam, amma kowanne da irin bakin da yake fitowa, sai ka duba wa ke hanawa kuma a ina.

Prohibit maganar doka ce da takardar ofis. Dokar lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane, shi ya sa kake ganin Smoking is prohibited a asibiti da gidan mai. Amma ba uban da zai kalli ɗansa a tsakar gida ya ce I prohibit you, sai ka ce alƙali ne ke yanke hukunci.

Ban kuma abu ne da ake yi da, sai mai iko ya zo ya ce a dakata daga yau. Ka tuna 2017 da gwamnati ta tsayar da ƙananan masu haƙar zinariya saboda galamse, wato haƙa ba bisa ƙa'ida ba, jaridu ban on small-scale mining suke rubutawa, da aka janye a ƙarshen 2018 suka ce lift the ban. Ana sa wa mutum ma, kamar ɗan ƙwallo in ya yi laifi a ce he is banned for three matches. To kwamitin masallaci ba gwamnati ba ne ba kuma hukumar ƙwallo ba, in ka sa banned ba kuskure ba ne amma ya yi wa allon nauyi.

Forbid shi ne na wanda yake da iko a kanka kai tsaye, uba, malami, ko addini. A littattafan addini da yawa da aka fassara za ka ga haram an sa forbidden, nan liman ya saba da shi. Ni dai ba zan sa shi a maganar fakin ba, don mai karantawa zai ɗauka ana cewa zunubi ne, alhali tsari ne kawai ake so.

Ga inda yarana 'yan WASSCE, jarrabawar gama sakandare, suke faɗuwa kullum, kuma abin yana damuna wallahi: prohibit da ban, kalmar from suke ɗauka sannan aikin ya ƙare da ing, prohibited from parking, banned from selling. Ba a cewa prohibited to park. Forbid ne ke tafiya da to, forbidden to park, kuma in ya wuce forbade ne ba forbidded ba.

Hajiya Mariya, Nima:
Sannu Ticha, Allah ya ƙara basira. Mu nan Accra ban ɗin da kowa ya sani shi ne na sarakunan ƙabilar Ga kafin bikinsu na Homowo, ban on drumming and noise-making, wajen watan Mayu ake farawa a yi wata guda ba kiɗa ba lasifika a waje, coci da masallaci duk ya shafa, lokaci na cika a ce an janye. Kenan maganarka ta fito, abu ne mai ranar farawa.

Amma Sadik ɗana, ni mai sayar da waakye ce, shinkafa da wake, kuma na san ciwon a wayi gari a ga an rubuta No hawking a inda kake neman abincin yaranka. Matan nan da suka baza kaya maƙwabtanku ne, wasunsu ma a masallacin suke salla, kar ku haɗa su da masu moto a allo ɗaya da kalma mai zafi, ku kira su ku nuna musu gefen da za su koma tukuna, sannan in za a rubuta a sa please a gaba ba ya rage komai.

Baba Musa Direba:
Ni ban yi dogon karatu ba amma shekaruna a titi suke. Direba ba ya tsayawa karanta doguwar magana, No Parking kawai da jan fenti manya-manya, ya gani tun daga nesa. In kuma da baki ne not allowed muke ji kullum a tasha, ba na jin kowa na cewa prohibited. Abu ɗaya zan roƙe ku, kar ku kwaikwayi masu rubuta spot fine 50 cedis a bango, ku ba ku da ikon cin tara, ranar da wani ya ƙi biya rigima ce za ta tashi a ƙofar ɗakin Allah.

Sadik_Aboabo:
Na gode ƙwarai. Hajiya zan kai maganarki gaban kwamiti insha Allah. Ticha, wani abokina ya ce a sa You don't have to park here wai ya fi ladabi, ya kake gani?

Ticha Awudu, Asawase:
A'a kar ka soma. Na san haka mutanenmu da yawa suke faɗi in suna nufin hani, amma don't have to ma'anarsa ba dole ba ne, wato in ka ga dama ka faka in ka ga dama ka bari, ka ba su izini kenan. Hani shi ne must not ko do not. Ka bi ta Baba Musa, No Parking a sama da manyan baƙi, ƙasa kaɗan Please keep this entrance clear, sai By order, Mosque Committee. Ka rubuta wa mai fentin a takarda kuma ka tsaya a kansa lokacin da yake yi, committee m biyu ne t biyu e biyu, a nan suka fi cinye harafi.