Wace hanya kuka taɓa bi a mota kuka ji kamar kuna cikin littafin soyayya?

'YarAgege:

Assalamu alaikum 'yan uwana ma'abota karatu, dan Allah tambaya ce da ni amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa. Ni dai tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya, tun zamanin da ake karɓo haya a shago ana yi musu bango da jarida har zuwa yanzu da komai ya koma waya, Wattpad ne, guruf ɗin WhatsApp ne, ba wanda ba na leƙawa. To abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne duk littafin da na buɗe da zarar an ɗaura aure sai filin jirgi, sai Dubai, sai Landan, layi biyu an tashi an sauka ba a ga komai ba sai otal. Ni kuwa a nan Agege ta Legas aka haife ni, kusan duk babbar sallah a makopolo muke tafiya Kano, kuma wallahi abin da idona ke gani ta taga ban taɓa cin karo da shi a littafi ba, yadda za ki baro Berger daji ya rufe ki kore shar da kwakwar manja da ayaba, ki ɗan yi barci ki farka ki ga ƙasa ta buɗe, kuka da giginya sun fara tsayuwa ɗai-ɗai, iskar ma ta canza ƙamshi.

Wata huɗu kenan da bikina, maigidan zai samu hutu ƙarshen shekara, ya ce in zaɓi inda za mu je a motarsa mu biyu. Wace hanya kuka bi da ta tsaya muku a rai? Kuma da ku ne marubuta a ina za ku tsayar da motar jarumin?

MamanTagwaye_IdiAraba:

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya ya kawo ƙazantar ɗaki. Kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi gaskiya, na sha faɗa wa wata marubuciya a guruf ɗinmu cewa ta daina kai mana mutane ƙasar da ita kanta a hoto ta san ta.

Ni tawa hanyar Lokoja ce. Ku fita da asuba bayan sallah kafin gosulo ya kama ku a Berger, in kun wuce Ibadan kun kama hanyar Ife za ku ratsa Ikire, nan ne ake sayar da dodon nan, wato ayaba mai yaji baƙi-baƙi da ake soyawa da manja, saya ko leda ɗaya ce, gaba kaɗan wajen Osu kuma ƙosai ne da burodi mai zafi. Daga nan Akure, Owo, sai ki ga duwatsu sun fara leƙowa ta bayan gonakin koko, kafin ku isa Okene kam gidaje ma a jikin dutse suke kamar an manna su. Amma duk wannan share fage ne, abin yana Lokoja. Kada ku ce za ku wuce a ranar, ku kwana, da sassafe ku hau dutsen Patti, daga can sama ne za ki ga inda kogin Neja da Binuwai suka haɗu, launin ruwansu ma ba ɗaya ba ne, suna tafe gefe da gefe kafin su gauraya, ga kwale-kwalen masunta ƙanana kamar ƙwayar gero a kan faranti. Ranar da muka hau ni da baban yara, shekararmu tara da aure lokacin kuma mun baro Legas ba ma ko ga maciji saboda wata 'yar magana, muna tsaye a wajen shiru shiru sai ji na yi ya ce kin ga su ma daga nesa kowa ya taho. Iyakar abin da ya ce kenan, ni kuwa sai hawaye. To ki gaya min wane otal ɗin Dubai ne zai ba ki wannan.

In kun sauko kun kama hanyar Abuja akwai gadar Murtala Muhammad a Jamata kafin Koton Ƙarfe, doguwa ce sosai, mata na sayar da busasshen kifi a bakin hanya. Lokacin da kuka zaɓa ma ya yi daidai don da damina ruwa kan hau titin wajen, a 2012 da 2022 sai da motoci suka yi kwanaki a tsaye. Bayan Abuja sai dutsen Zuma a Madalla, wanda ke bayan naira 100, ki kalle shi da yamma rana na faɗuwa za ki ga kamar fuskar mutum a jikinsa. Sai dai fa ki sani daga Legas zuwa Kano ta wannan hanyar ya haura kilomita 1,000, ba tafiyar gaggawa ba ce.

TsohonDireba_Ijora:

'Yata sannu da ƙoƙari. Ni ba mai karatu ba ne kamar ku, a rediyo da waya nake sauraron masu karanta littattafan nan in dare ya yi ina jiran lodi, uwargidana ce ta koya min, amma hanya kam na san ta, shekara 26 ina jan tirela tsakanin Apapa da Arewa.

Hajiya ta yi gaskiya a kan Lokoja, amma ni in za a tambaye ni Jebba zan ce. Ka bi Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, kana gangarowa Jebba sai kogi ya bayyana a gabanka gaba ɗaya, ga gadar mota ga tsohuwar gadar jirgin ƙasa, ga wani dutse tsaye shi kaɗai a tsakiyar ruwa da suke kira Juju, ga hasumiyar tunawa da Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Neja. In lokacin hunturu ne da asuba hazo kan kwanta a kan ruwan har ba ka ganin ɗaya gaɓar, sai kan dutsen kawai yana leƙe. Mu direbobi a wajenmu in ka haye gadar nan ka shiga jihar Neja to ka fara jin ƙamshin gida, daga Mokwa gaisuwa ma ta koma sannu da hanya. Na taɓa ɗauko wani yaro a Ilori da zai je neman aure Kontagora ba shi da kuɗin mota, muna kan gadar ya ce Baba tsaya in ga ruwan nan ko zuciyata ta kwanta, ban iya tsayawa a kan gada ba sai da muka haye, ya sauka ya yi alwala ya yi raka'a biyu. Wannan yaron har yau yana raina, da na iya rubutu da shi zan fara.

Shawara ɗaya zan ba ki ki isar wa angon naki: kada ku yi tafiyar dare ko kusa, magariba ta same ku a cikin gari. Ya duba taya da birki da ruwan lagireto kafin ku tashi, kuma manyan motoci sun yi yawa tsakanin Ilori da Mokwa, kada ya yi gardamar wuce tanka a kwana. Hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari kuma ku bar ta, ya tambayi 'yan tasha a ranar wace hanya ake bi. Allah ya tsare.

Bazazzagiya_Mile12:

Amin Baba. Amarya ni fa ina ganin ba sai kun yi nisa haka ba in hutun kwana uku ne ko huɗu, mu Hausawan Legas muna da wani hali, daga gida sai kasuwa sai tashar Arewa, ƙasar Yarbawan da muke zaune a ciki ba mu san ta ba. Ga jirgin ƙasa nan a ƙofar gidanku a Agege tun 2021, ki shiga ki sauka Abeokuta ki hau dutsen Olumo inda Egbawa suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙe, daga sama ki ga rufin kwano ja-ja har bakin kogin Ogun, ki sauko ki sayi adire, rinannen yadin Yarbawa, a kasuwar Itoku. In kuma mota kuke so to Erin Ijesha a jihar Osun, ruwa ne ke zubowa daga dutse hawa bakwai, sanyi kamar daga firji, ni a hawa na biyu na tsaya ƙafata ta ce ta gaji. Gaba a Ekiti akwai Ikogosi inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, ki sa ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, in marubuciya ba ta samu abin rubutawa a wannan ba to ta ajiye biro. Idanre kuma kusa da Akure matakala ce sama da 600, ki tafi da takalmi mara tsini da doguwar riga mara nauyi.

'YarGembu_a_Obalende:

Duk na karanta kuma ban raina na kowa ba, amma Anti MamanTagwaye ki yafe ni, wanda bai hau Mambila ba bai gama ganin ƙasar nan ba. Daga Jalingo ki bi Bali ki bi Serti, daga Mayo Selbe mota za ta fara hawa tana kwana tana kwana kunnenki na toshewa, ki duba ƙasa ki ga gajimare a ƙarƙashinki, kina kaiwa sama sai tuddai kore lumui ba iyaka, shanu a warwatse, gonakin shayi a Kakara layi-layi kamar an taje su da matsefi. Sanyi kuwa da rana tsaka sai kin sa rigar sanyi. Can na girma, shekara shida rabona da gida, wani lokacin in zafin Obalende ya ishe ni rufe ido nake in tuno ƙamshin hayaƙin itace da safe a Nguroje. Nisa ne dai da shi gaskiya, daga Legas kwana biyu ma sai an dage, ba zan ce ku je wannan karon ba amma ki rubuta shi a wani waje ki ajiye.

'YarAgege:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, tun ɗazu nake karanta wa maigidan yana cin abinci har ya ajiye cokali a wajen labarin yaron Baba. Baba, maigidan ya ce in gaya maka ya ji, ba tafiyar dare, gobe ma zai kai motar gareji. Mun tsayar da magana a kan Lokoja amma za mu ratse Erin Ijesha tunda kusan a kan hanya take, mu kwana Akure, washegari mu ƙarasa. 'Yar uwa ta Gembu na rubuta Mambila a bayan littafin da nake ajiye lissafin cefane, in Allah ya kai mu wata shekarar ke za ki yi mana jagora. Anti MamanTagwaye saura abu ɗaya, dutsen Patti ana hawa da mota har sama ko sai an taka da ƙafa, kuma ƙarfe nawa ya kamata mu kasance a can kafin hazo ya rufe kogin?