Shin Tambayoyi Tara Sun Isa a Ce Mutum Yana da Ciwon Damuwa?

Malam Auwalu: Ra'ayina shi ne takardar PHQ-9, wato jerin tambayoyin auna alamomin ciwon damuwa da aka wallafa a 2001, ta isa a yanke hukunci da ita cewa mutum yana fama da ciwon damuwa. Tambayoyinta tara ne, kowace ana ba ta maki daga sifili zuwa 3, jimilla 27, kuma wanda ya kai 10 ana ɗaukarsa mai buƙatar kulawa. Ma'auni ɗaya ne ga kowa, babu son kai a cikinsa.

Malama Rabi: Malam, a nan ba na tare da kai. Takardar tana tambaya ne kan makonni biyu da suka wuce kaɗai, kan barci da cin abinci da gajiya da rashin natsuwa. Matar da aka yi wa rasuwa kwanan nan za ta iya tara maki masu yawa alhali juyayi take yi, haka ma mai ƙarancin jini, wanda kasalarsa daga jiki take.

Malam Auwalu: To, Malama, a inda likitan ƙwaƙwalwa ɗaya yake duba dubban mutane, me za a yi? A bar marasa lafiya ba tare da an gano su ba?

Dakta Safiya: Tambayarka tana kan hanya, Malam Auwalu, kuma ba wanda ya ce a jefar da takardar. Amfaninta shi ne ta nuna wa ma'aikacin lafiya wanda ya kamata a zauna da shi, musamman idan ya sami maki a tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, domin wannan ba a jinkirta shi ko da sauran makin kaɗan ne. Abin da ya fi damuna shi ne takardar ba ta tambaya ko mutum ya taɓa shiga yanayin zumuɗi mai tsanani, yana kwana ba barci, yana magana ba tsayawa. Mai irin wannan cuta, idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya birkicewa, kuma sai an bibiyi tarihinsa, an ji ta bakin iyalansa, kafin a gane.

Malam Auwalu: Na karɓi batun zumuɗin, Dakta, amma duk da haka ina ganin a fara ba kowane mara lafiya takardar kafin ya ga likita.