Musayar waƙa: a juya darduma a ga bayanta

Mai Masaƙa:
Salamu alaikum. Wannan karon darduma ce, ta hannu mai ƙulli. Ƙwar biyu, amsa-amo "ma". Wanda ya kauce, tararsa baiti biyu.

Da sunan Allah na buɗe fage,
Ku matso mu warware darduma.

Baƙo kan tsaya kallon furanni,
Gwani bayanta yake fara nema.

Zaren tsaye a ja shi tauri guda,
In sashe ya saki, karkatacciya za a gama.

Layin ƙulli, a ratsa abawa,
A daka da matsefin ƙarfe da himma.

Geza jelar zaren tsaye ce,
In ka ga ɗinki, inji ne ya yi hidima.

Gwanin Ƙulli:
Yaya, ka yi sallama ka tsaya a zaure,
Ƙulli iri biyu ne, can ake gardama.

Na Farisa zare guda yake naɗewa,
Ya bi ƙarƙashin na biyu ya ɓullo sama.

Shi ya sa reshe ke lanƙwasa kamar rubutu,
Fure ya fito da siririyar alama.

Dubi ta Ardabil da ke ajiye a Landan,
Tsawonta ya haura mita goma.

Maƙsud na Kashan ya sa hannu, hijira 946,
Ga baitin mawaƙi Hafiz a saƙe, ya dauwama.

Baturkiya:
Ƙanena, sannu da cika baki,
Ɗan jiya ne ke wa kakarsa homa.

Namu zare biyu yake runguma,
Bakinsa biyu su fito tsakiya, ya kama.

Wadda Rudenko ɗan Rasha ya tono a Altai a 1949,
Cikin kabarin ƙanƙara, da namu aka saƙa ta ma.

Ta haura shekara 2,000 a kwance,
Mahayanta na nan, ba su zama tsumma.

Tabriz taku ce, ƙullinmu take yi,
Je ka juya bayanta ka yi nadama.

Ɗan Kallo:
Kai! Hajiya ta rufe bakin. Ƙara masa da Senneh: garin da aka laƙaba wa ƙullin Farisa sunansa, shi kansa na Turkiyya yake ƙullawa. Gwani, sai haƙuri.

Malam Aruli:
Ɗan Kallo, bar tafi tukuna. Hajiya, 1949 ɗin nan a rera ta: alif ɗari tara da arba'in da tara. Gaɓa 13, ita kaɗai ta ci ɗango sukutum. An ɓoye ta cikin lambobi huɗu don ido ya ga gajere, kunne kuwa ba ya karatu. Sannan "saƙa ta ma" ba amsa-amo ba ne, ciko ne.

Baturkiya:
Malam na ƙirga gaɓa da yatsa,
Kamar mai awon hatsi yana fama.

Kari nauyin gaɓa ne, ba yawanta ba,
Doguwa da gajera, nan ne hikima.

Malam Aruli:
To mu auna da nauyin, Hajiya. Har yanzu gurgu ne. Kuma 946 ta Gwani ma haka take, ba na zaɓe.

Gwanin Ƙulli:
A'a Malam, ni me ya kawo ni? Shekarar a jikin dardumar take, ba zan rage mata ɗari don ta shiga kari ba.

Ɗan Kallo:
Malam bai taɓa jefa baiti a nan ba, sai jan biro.

Uwar Rini:
Na makara, na tarar ana dambe. Ku ba ni hanya.

'Ya'yana, ƙulli ƙashi ne kawai,
Rini ne fuska, shi ke da ƙima.

Ulu a wanke maiƙonsa tas,
A dafa da alimun kafin a tsoma.

Jan saiwa ba ya son tafasa,
In ya ɓararraka, ja ya tafi, ƙasa-ƙasa ya zama.

Ɓawon rumman ya ba ka rawaya,
A bi da shuni, kore ya tsaya da girma.

Baƙi kuwa shi ke fara cinyewa,
Don an kama shi da ruwan tama.

Saiwar ita ce Farisawa ke kira runas. Alimun kamar giram 150 ga kilo guda na busasshen ulu. In kun ga shuɗi ya sauya kaɗan a tsakiyar fili, kamar an ja layi, ba aibi ba ne: tukunya ɗaya ta ƙare aka ɗora wata. Abrash ake ce masa. A tsohuwar darduma ku shafa, za ku ji baƙin ya lotsa, ja da shuɗi na tsaye.

Malam Aruli:
Gwaggo, ɗangonki na "ɓararraka" ya yi ƙiba, amma na yafe.

Baturkiya:
Ita an yafe, ni an kafa mini kotu. Mun gani.

Dillali:
Kuna faɗan wane ƙulli ya fi,
Ga na ha'inci ya shige da sallama.

Jufti zare huɗu yake haɗawa,
Rabin ulu, rabin aiki, kuɗi a sama.

Sabuwa ce ba ka gane ta,
Sai an taka, fili ya yi sanƙo, ka yi kyarma.

Jiƙa farin ƙyalle ka goga a ja,
In ya ɗau launi, rininta bai kama.

Ƙona silin siliki ka shinshina,
Warin gashi gaskiya, na takarda tuhuma.

In bayanta yadi ne an manne da gam,
Harba ulun aka yi, ba ƙulli ko alama.

Ƙirga kuwa a baya ake yi: ƙulli nawa a santimita ɗaya a tsaye, nawa a kwance, a ninka. 'Yan Tabriz da raj suke awo, wato ƙulli a santimita 7. Raj 50 kusan ƙulli 50 ke nan a murabba'in santimita. Mai mita 2 da 3 ta tashi miliyan 3. A ce masaƙi na yin 10,000 a yini, kwana 300 ne.

Gwanin Ƙulli:
Dillali na koya mana kama ɓarawo,
Kura ce ke wa'azin salama.

Dillali:
Kura ta san kasuwa, ɗan'uwa,
Kai zane ka sani, ni na san makoma.

Amurka ta rufe wa ta Iran ƙofa a 2010,
Ta buɗe a 2016, a 2018 ta koma.

Zanen Kashan, saƙar Indiya ko Pakistan,
Sunan gari a baki ba ya zama alama.

Amma ta Kerman a gwanjon Sotheby's na 2013,
Dala miliyan 33.7, wa zai yi gardama?

Malam Aruli:
Innalillahi. Wannan ba waƙa ba ce, rasit ne.

Mai Ɗaki:
Ku dai ku saya, mu ke riƙo.

Juya ta kai da ƙafa duk shekara,
Kada rana ta ci gefe guda ta gama.

Asu duhu yake so, ƙarƙashin kujera,
Tsutsarsa ke cin ulu, ɗaga ki nema.

Tukunyar fure kar ta zauna a kanta,
Danshi ya ruɓar da audugar, sai nadama.

Ta teburin cin abinci ta zarce shi da santimita 60 kowane gefe, don kujera in an ja ta baya kada ƙafarta ta faɗa. Injin shara kuma a kiyaye shi da geza, shi ke tsinke ta.

Malam Aruli:
Ɗan Kallo ya ce ban taɓa ba. Ku ga yadda ake sa tarihi ba lamba.

Kisra sarkin Farisa ya shimfiɗa lambu a fada,
Bazara a saƙe, sanyi bai hana ni'ima.

Ƙoramu na lu'ulu'u, ƙasa ta zinari,
Mada'in, birninsa, ta faɗi, ta zama ganima.

Umar ya sa aka yayyanka ta,
Kowa ya ɗau rabonsa a Madina.

Baturkiya:
Madi-NA! Jama'a ku zo ku gani. Mai Masaƙa, ina tara?

Malam Aruli:
Mim da nun makusanta ne, duk ta hanci suke fita. Magabata sun yi rangwame a irin wannan.

Ɗan Kallo:
Yau kuma rangwame ya halatta.

Mai Masaƙa:
Doka ɗaya ce, Malam. Baiti biyu, kuma a kan ajiya, don ba wanda ya taɓo ta.

Malam Aruli:
Naɗe ta, kar ka ninke kamar zane,
Ninki kan karya zare ya bar alama.

Yadin auduga ya dace da rufinta,
Leda gumi take tarawa, ta yi tsama.

Baturkiya:
An karɓi na farko. "Tsama" kuma tsami kake nufi ka lanƙwasa shi don ya shiga. Saura ɗaya, Malam.