Inda mai son barin giya zai samu abokan tafiya a Maradi

A zaman da muka yi kan 'yan'uwanmu masu fama da giya, kowa ya yarda kunya ce ke hana mutum neman taimako. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, jiki kan kama rawa, wani har farfaɗiya ko ruɗewa cikin kwana 2 zuwa 3, abin kuma yana kisa. Sai a je asibitin unguwa ko babban asibitin jiha, a tambayi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ko sun san wasu da suka bari, waɗanda za su yarda a zauna da su.

An kawo misalin ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous), ta masu taruwa su taimaki juna wajen barin giya, wadda mashaya biyu suka fara a Amurka a 1935: ba kuɗin shiga, ba a fitar da sunan kowa. Mutum biyu ma sun isa taro. Wasu sun ce a nemi limami ko fasto mai riƙon amana ya ba da ɗaki. Ni dai na fi jin maganar wani dattijo: a sauya fadar da ake zama da dare, a riƙe lambar wayar wanda za a kira in sha'awar ta taso.