Kirsimetin farko babu babansu, kuma kowane yaro da abin da yake so

Uwar Uku ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya fi ƙarfina.

Maigidana ya rasu a watan Maris bayan jinyar mako shida. Ya bar ni da yara uku: babban namiji ne mai shekara 13, sai mace mai 9, sai auta da ya cika 4 a watan Oktoba. Watannin nan mun lallaɓa, makaranta ma ta rufa mana asiri, don da gari ya waye kowa ya san inda ya nufa. Yanzu an ba da hutu, saura kwana 12 Kirsimeti, muna zaune muna kallon juna.

A gidanmu Kirsimeti hidimar babansu ce. Shi ke sauko da kwalin kayan ado daga saman durowa. Shi ke zama a ƙasa yana warware wayar ƙananan fitilun nan da kowace shekara sai ta cukurkuɗe. Daren 24 ga wata kuwa, kafin a kwanta, zai buɗe Luka sura 2 ya karanta tun daga umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas har aya ta 20 inda makiyaya suka koma. In ya kai wurin da mala'ika ya ce musu kada su ji tsoro, sai ya ɗaga murya har auta ya ruga bayana.

Macen ta rubuta komai a takarda, ɗaya bayan ɗaya, yadda babanta yake yi, ta manna a ƙofar ɗakina. So take kada a canza ko ɗaya. Babban ya ce a bar kwalin inda yake, kuma shi ba zai je coci ranar ba, wai ya gaji da masu dafa masa kafaɗa suna ce masa shi ne maigida yanzu. Autan ne ya fi karya mini zuciya. Shekaranjiya ina masa wanka ya tambaye ni ko Baba zai dawo kafin a kunna fitilu. Laifina ne, domin lokacin rasuwar ce masa na yi Baba ya yi tafiya mai nisa. Ga shi kuma ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun bara.

Sannan ga surukata. Maigidana shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ta kira sau uku tana so mu tattara mu je wurinta mu yi hutun gaba ɗaya, mako biyu cur. Ina tausayinta ƙwarai, amma na san in muka je kuka za a yi ta yi safe da yamma, ni kuma ƙarfina bai kai ba.

Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanya, ku faɗa mini. In yi yadda yake yi ne, ko in bari? In tilasta wa babban? Me zan ce wa autan?

Malamar Ƙananan Yara ta amsa:

'Yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Shekarata 17 ina koyar da yara 'yan ƙasa da shekara shida, don haka a kan autan zan tsaya.

Kada ki ɗora wa kanki laifi, kusan kowace uwa abin da take faɗa ke nan a ranar farko. Amma ki gyara maganar a makon nan, kada ki bari sai daren 24. Yaro ɗan shekara 4 bai riga ya gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba. Yawancin yara sai tsakanin shekara 5 zuwa 7 wannan fahimtar ke zauna musu. Shi kuma magana yadda aka faɗe ta yake ɗaukarta. Wanda ya yi tafiya yana dawowa, shi ya sa yake jira. Wata rana ma in kin ce za ki yi tafiya sai hankalinsa ya tashi. Haka kada ki ce barci Baba yake yi, na ga yaran da suka koma tsoron rufe ido saboda wannan kalmar.

Ki zaunar da shi da rana, lokacin da ba ya jin yunwa ko barci, ki faɗi kalmar da bakinki: Baba ya mutu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya numfashi, ba ya jin zafi, kuma ba zai dawo gida ba. Ki ƙara masa abu biyu. Na farko, ciwon Baba babba ne ƙwarai, ba irin mura ko zazzaɓin da shi yake yi ba. Na biyu, ba wani abin da shi ya yi ko ya faɗa da ya jawo haka, domin yara a shekarun nan sukan zaci rashin jinsu ne ya kori mutum. Bayan haka ki faɗa masa abin da bangaskiyarki ta koya miki game da inda babansa yake, a gajarce.

Zai iya saurarenki ya tashi ya ci gaba da wasa kamar bai ji ba. Gobe ya sake tambaya, jibi ma haka. Ki riƙa ba shi amsa iri ɗaya.

Fitsarin kwancen kuwa abu ne da aka saba gani ga yaron da hankalinsa ya tashi, yakan koma baya a abin da ya riga ya iya. Kada a yi masa faɗa, kada yayyensa su yi masa dariya. In yana kukan zafi wurin fitsari ko yana yawan shan ruwa fiye da da, ki kai shi asibiti a duba. Ki kuma tsare lokacin kwanciya ko da hutu ake. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana, 'yar shekara 9 awa 9 zuwa 12, babban kuma 8 zuwa 10. Rabin rigimar yara a lokacin biki daga rashin barci take tasowa.

Babban Ɗa ya amsa:

Mama, sannu da haƙuri. Ina da shekara 12 mahaifina ya rasu, yanzu ina da 31. Da na karanta abin da ɗanki ya ce sai da na ajiye wayar na ɗan jima.

Maganar nan ta "kai ne maigida yanzu" masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke yi, amma ba su san nauyinta ba. Ni abin da na ji a cikinta shi ne an hana ni kuka. Ƙannena suna kuka ana rarrashinsu, ni kuma ana yaba mini jarumta. Na yi shekara biyu ina ƙirga kuɗin da mahaifiyata ke kashewa a zuciyata, ina jin kunyar neman ko biro. Ki kira shi ku biyu kawai ki ce masa ke ce babba a gidan, shi ɗanki ne, kuma ba ki ɗora masa riƙon kowa ba. Wataƙila ba zai ce komai ba, amma zai ji.

Ina roƙonki kada ki miƙa masa karatun daren 24. Mutane za su ba ki wannan shawarar don tana da daɗin ji, wai ɗa ya gaji ubansa. An sa ni na yi irin haka, na kai aya ta uku murya ta ƙi fita, kowa yana kallona. Har yau ban manta ba.

Batun coci, ba na jin Allah yake gudu. Bakin ƙofa yake gudu, lokacin da aka tashi ana gaishe-gaishe. Ki ba shi zaɓi na gaske: ya zauna a layin baya kusa da ƙofa ya fita kafin a tashi, ko ya je sujadar da ba a cika taruwa ba, ko bana ya zauna a gida. In ya zaɓi gida kada ki yi fushi. In kuma kina so ya buɗe baki, kada ki zaunar da shi gaba da gaba. Yaro namiji a shekarun nan ya fi magana in hannunsa na aiki ko kuna tafiya a jere.

Amma ki sa ido. In ya daina cin abinci, ya rabu da abokansa gaba ɗaya, ko kika ji ya ce gara ya bi babansa, wannan ba na jira ba ne, ki nemi likita ko mai ba da shawara a ranar.

Kakar Bakwai ta amsa:

'Yata, shekarata 22 da rasa nawa mijin, kuma na binne ɗa guda, saboda haka na zauna a kujerarki na kuma zauna a ta surukarki.

Ɗana da ya yi magana a sama ya faɗi gaskiya da yawa, sai dai ban bi shi a batun barin yaro shi kaɗai a gida ranar Kirsimeti ba. Kujerar baya na yarda, fita da wuri na yarda. Amma yaro ya kulle kansa a ɗakin da komai ke tuna masa da ubansa, kowa ya fita, raina bai kwanta da shi ba. In ya ƙi fita, a samu babba ɗaya da yake sakin jiki da shi ya zauna tare da shi.

Takardar da 'yarki ta manna, kada ki yage ta kuma kada ki bi ta duka. Ki ce ta zaɓi biyu da suka fi mata muhimmanci, ki tambayi yayanta wane ɗaya ne ba zai iya jurewa ba, a cire shi. Tsoro take ji kada a manta da babanta, shi ya sa ta rubuta.

Ki ci gaba da karanta Luka sura 2 bayan inda mijinki ke tsayawa, ke kaɗai. A haikali, jaririn yana da kwana 40, tsoho Saminu ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Nan kusa kuma ga Hannatu, wadda shekara bakwai kawai ta yi da mijinta kafin ya rasu, ta zauna gwauruwa har ta tsufa tukuf. A Matiyu sura 2 iyaye na gudu da jariri zuwa Masar cikin dare, uwayen Baitalami na kukan 'ya'yan da Hirudus ya sa aka kashe. Shekarar farko na zaci hawayena ɓata wa mutane biki yake yi, sai da na ga masu makoki suna cikin labarin tun asali. In kuka ya zo miki a gaban yara ki yi, ki ce musu kewar Baba ce, kuma za ki tashi ki ci gaba da hidimarsu.

Surukarki kuwa, ba mako biyu take nema ba. Tsoro take kada mutuwar ɗanta ta yanke ta da jikokinta. Kada ki ce mata a'a, ki ba ta rana da kwanan wata. Ki sa yaran su kira ta da safiyar 25 kafin ta kira.

Uwar Uku ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka muku. Mama, na kira surukata na ce za mu zo 27 ga wata mu kwana uku. Ta yi shiru, na ji ba ta ji daɗi ba, amma daga baya ta tambayi ko har yanzu autan na tsoron duhu don ta gyara masa wurin kwana kusa da ita.

Malama, jiya na gaya masa yadda kika tsara. Ya ce, "Ko bayan Kirsimeti ma?" Na ce ko bayan Kirsimeti. Ya nemi ruwa ya sha ya fita. Da dare ya sake tambaya.

Babban ya sauko da kwalin don ƙanwarsa ba ta kaiwa, ya ajiye ya shige ɗaki. Batun coci bai ce komai ba tukuna, ban kuma matsa ba. Macen ta zaɓi fitilu da karatu. Ni zan karanta.

Saura abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba. Ina neman wani hoto a wayata sai na ci karo da bidiyon bara, minti huɗu, yana karatun, har inda yake ɗaga murya. Ban iya kallo ya wuce rabin minti ba. In kunna musu daren 24?

Malamar Ƙananan Yara ta amsa:

Kafin komai, yau ɗin nan ki tura shi wata wayar ki kuma adana a kwamfuta ko imel, waya na iya lalacewa ko ta ɓata. Sai ki kalle shi ke kaɗai har ƙarshe. Manyan biyu ki gaya musu yana nan, kowa ya kalla ranar da ya shirya, kada ya zo musu ba zata. Autan kuwa kwana ɗaya ke nan da jin cewa babansa ba zai dawo ba, in ya ji muryar a daren da ya saba jinta zai iya rikicewa. Ni da zan jinkirta masa zuwa bayan kun dawo daga wurin kakarsa, da rana, yana kan cinyarki, ki fara ce masa wannan bara aka ɗauka, lokacin Baba yana da rai.