Tambaya: an ce kalsiyam ya daskare a ƙofar zuciyar Baba, alhali yana fama da hanta

Malamin firamare, Ringim:
Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, kuma shekara uku ke nan da aka tabbatar cewa ciwon hanta nau'in B ya taurara masa hanta har ta motse. Yana shan maganin ciwon hantar mai suna tenofovir kullum tare da maganin rage ruwan ciki. A daminar bana muka lura cewa daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya dafa katanga yana haki, rannan kuma jiri ya kwashe shi a gona. Da aka yi masa hoton zuciya a Kano, sai aka ce sinadarin kalsiyam ya daskare a ƙofar da jini ke fita ta cikinta daga zuciya. Shin hantar ce ta jawo wannan? Kuma ko mu hana shi fura da nono, tunda an ce nono yana da kalsiyam?

Ma'aikaciyar jinya, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku hana shi nono, domin ba daga ƙwaryar fura wannan daskarewar take zuwa ba, kuma mai irin ciwonsa yana buƙatar abinci mai gina jiki saboda rama. Abin da za ku rage shi ne gishiri, dunƙulen miya da kanwa, har da kunun kanwa, domin suna tara ruwa a jiki. Ku nisanta shi da diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya kan kawo.

Likita, Kano:
Malam, wannan ƙofa ana kiranta awotik, kuma a yawancin mutane tana da ƙyaure uku masu laushi da ke buɗewa da rufewa a kowane bugu. Idan shekaru suka ja, musamman ga mai hawan jini, ciwon sukari, ciwon ƙoda ko shan taba, sai kalsiyam ya riƙa taruwa a jikinsu har su ƙage kamar ƙyauren da ya sha damina, jini ya koma fita da ƙyar. A shekarun Baba, waɗannan su ne abin fara zargi. Hanta tana da ɗan nata hannun, domin ita ke ƙera wani furotin mai suna fetuin-A da ke hana kalsiyam daskarewa inda bai dace ba, sannan kitsen hanta yakan zo tare da ƙiba da sukari, waɗanda su ma suke ɓata ƙofar.

Sai dai ni a ganina, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kumburin ƙafa, kasala da haki duk suna zuwa da ciwon hanta, shi ya sa ake ɗora wa hanta komai har a makara da duba zuciya. Haki da jiri a wurin aiki, ko ciwon ƙirji ko suma, alamu ne da ba a wasa da su ga mai ƙuntatacciyar ƙofa. Ku duba takardar hoton: idan faɗin ƙofar bai kai murabba'in santimita 1 ba, ko gudun jinin ya kai mita 4 a daƙiƙa, ƙuncin ya yi tsanani.

Babu ƙwaya ko sassaƙen da ke narkar da abin da ya riga ya daskare. Maganinsa canza ƙofa. A nan ne hanta take da ta cewa, domin likitoci suna kasa taurinta mataki uku, A, B da C, kuma tiyatar buɗe ƙirji tana da haɗari ƙwarai ga wanda ya kai B ko C. Ƙofar ƙarfe tana tilasta shan warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, wanda bai dace da mai kumburarrun jijiyoyi a maƙoshi da ke iya fashewa ba, irin waɗanda taurin hanta kan jawo. Akwai hanyar zura sabuwar ƙofa ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba, wadda Alain Cribier ya fara a birnin Rouen na Faransa a 2002, amma tana da tsada kuma ba ko'ina ake yin ta ba.

Manomi, Rano:
Likita, a ƙara mana haske. Ƙanwata shekararta 30 kacal, an daɗe ana yi mata maganin hanta saboda kumburin ciki, ashe ƙofar zuciyarta ce ta lalace.

Likita, Kano:
Nata daban ne, ɗan'uwa. A wannan shekaru, abin da muka fi gani shi ne ɓarnar da ciwon maƙogwaro na yarinta ya bari a ƙofar, sai jini ya koma baya ya cushe a hanta. Wato a wurinta zuciya ce ta taɓa hanta.

Malamin firamare, Ringim:
Na gode ƙwarai, Likita. Na duba takardar, an rubuta faɗin ƙofar 0.9. Ranar Litinin in sha Allahu za mu koma da shi, kuma zan tattara duk magungunansa a leda ɗaya domin likitan zuciya ya gan su, tunda na hanta ne ya rubuta su.