Guacamole yana aiki a cikin ofis, daga waje sai ya riƙa yankewa

Ɗanbirni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Apache Guacamole 1.5 ne, manhajar shiga kwamfuta daga nesa ta burauza, a kan Ubuntu da Tomcat 9 (sabar da ke gudanar da shafinsa), nginx mai karɓar buƙatun waje yana gabansa a ƙofa (port) ta 443, ita kaɗai aka buɗe a fayawol. A cikin ofis, in aka shiga ta 8080, ƙofar Tomcat, kai tsaye, komai lafiya lau. Daga waje shafin shiga yana buɗewa, kalmar sirri tana wucewa, amma da an latsa kwamfutar da ake son shiga sai allo ya yi baƙi, ko ya fito linzami yana jan ƙafa, can kuma ya yanke. Sannan akwai wata kwamfuta mai Windows da ta ƙi haɗuwa sam, ciki da waje. Ta ina zan fara?

Mai_Saba:
Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce ka haɗa, kuma ba wuri ɗaya suke ba. Hanyar gaɓa uku ce: burauza zuwa nginx da Tomcat, Tomcat zuwa guacd (ɓangaren Guacamole mai haɗawa da kwamfutoci) a 4822, sai guacd zuwa kwamfutar a 3389, ƙofar RDP, wato Remote Desktop na Windows. Tunda ta 8080 komai na tafiya, ban da waccan mai Windows, gaɓa biyu na ƙarshe lafiyarsu ƙalau, nginx ne abin zargi.

Shafin shiga HTTP ne na yau da kullum, shi ya sa yake wucewa. Hoton allo kuwa ta WebSocket yake bi, wato layin da ke zama a buɗe tsakanin burauza da saba. In nginx bai miƙa buƙatar sauya layin ba, Guacamole sai ya koma ramin HTTP, nginx kuma ɗabi'arsa ce ya tara amsa kafin ya saki, to nan jan ƙafar ke fitowa. Sa waɗannan a location /guacamole/:

proxy_pass http://127.0.0.1:8080;
proxy_buffering off;
proxy_http_version 1.1;
proxy_set_header Upgrade $http_upgrade;
proxy_set_header Connection $http_connection;

Ka yi nginx -t kafin reload. Daga nan danna F12 a burauza, je Network, nemi websocket-tunnel. In ka ga 101, an dace. In 400 ne ko 404, ko ka ga buƙatun tunnel suna ta maimaituwa, har yanzu ana tare shi a hanya.

Hajiya_IT:
Ta Windows ɗin, daga kan sabar za ka gwada, don guacd ne ke buga mata, ba burauzarka ba:

nc -zv 192.168.1.25 3389

Ka sa adireshinta a wurin wannan. In ya tsaya shiru har lokaci ya ƙare, fayawol ne ke zubar da saƙon: ko na tsakanin sassan netwok, ko na Windows ɗin kanta. Yawanci katin netwok ɗin yana kan Public alhali an kunna ƙa'idar Remote Desktop ga Private kawai. In ya ce refused nan take, ba abin da ke sauraro a ƙofar. Duba ko an kunna Remote Desktop, kuma ka duba bugun: Windows Home ba ta karɓar RDP, sai Pro zuwa sama.

In ƙofar a buɗe take, bar journalctl -u guacd -f yana gudu ka sake latsawa. Da ka ga maganar security type, zaɓi NLA (tantance mai shiga kafin a buɗe allo) a saitin haɗin na Guacamole, ka cika suna da kalmar sirri a can, ka sa alama a Ignore server certificate, tunda satifiket ɗin da Windows ke yi wa kanta ita ce ta sa masa hannu, ba wata amintacciyar hukuma ba.

Ɗanbirni:
Na gode ƙwarai. 101 ya fito, kuma waccan Public ce kamar yadda Hajiya ta faɗa. Saura reshenmu guda, su har yanzu a hankali yake musu. Ko in buɗe musu 3389 kawai a huta?

Mai_Saba:
A'a, kar ka soma. Ƙofa ta 3389 a intanet dare da rana ake gwada mata kalmomin sirri, kuma BlueKeep, raunin tsaron RDP na 2019, ko kalmar sirri bai buƙata a tsofaffin Windows irin su 7 da Server 2008. Amfanin Guacamole ai shi ne 3389 da 4822 da 8080 su zauna a ciki. Musamman 4822, guacd ba ya tambayar kowa kalmar sirri.

Reshen nan, a haɗa kwamfuta ɗaya da datar waya a gwada. In ta gyaru, fayawol ko proxy ɗinsu ne ke buɗe HTTPS yana dubawa, wasunsu kuma suna cire Upgrade ɗin. Mai kula da shi ya cire sunan sabarku daga binciken SSL, ko ya ba WebSocket izini. In ma da datar waya a hankali ne, layinsu ne ba shi da ƙarfi: rage zurfin launi zuwa 16-bit, ka bar hoton bango a kashe. Tunda shafin yana fuskantar duniya, ka ƙara masa TOTP, wato lambar shiga ta ɗan lokaci ƙari a kan kalmar sirri, akwai shi cikin ƙarin da Guacamole ke fitarwa.